Ramar Baba da Turaren Habboba

Jami'in kwastan na filin jirgin Khartum shi ne mutum na farko da ya raina ramar mahaifina a ƙasar Sudan. Ya buɗe akwatina na ƙarfe, ya ɗaga ɗaurin zaren da yatsu biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera, ya sunsuna, ya yamutsa fuska. Ya ce, "Da shinu?" wato mene ne wannan. Na tattaro ɗan Larabcin islamiyyar da nake da shi na ce masa kayan bincike ne. Ya dube ni, ya dubi zaren, ya rufe akwatin da sauri ya yi mini nuni da hannu in wuce. Ban ga laifinsa sosai ba. Ramar da aka jiƙa a kududdufi har ɓawonta ya saki tana da wani wari nata, na laka da ruɓaɓɓen ganye, wanda ko ta bushe ba ya barinta gaba ɗaya. Ni kuwa a cikinsa na tashi, a hancina warin gida ne.

Sunana Tasi'u. Ina koyarwa a wata kwalejin kimiyya da fasaha, amma asalina ɗan wani ƙauye ne a fadamar Haɗeja. Mahaifina, Baba, mai tufka ne. Shi yake noma ramarsa, shi yake jiƙa ta, shi yake saɓe ta ya tufka igiya, kamar yadda ubansa ya yi. Da igiyar roba ta cika kasuwa sai sana'ar ta mutu a tsaye. Ranar kasuwa ya tafi da igiya ya dawo da ita, har ya zama ba ya tafiya.

Abin da ya kai ni Sudan shi ne neman yi wa ramar nan wani amfani. Idan aka jera zarenta aka zuba masa ruwan roba mai daskarewa, wanda ake kira ifoksi, ana samun allo mara nauyi mai ƙarfi, irin wanda za a iya yin silin ko ƙofa da shi. Amma ƙarfin allon yana rataye ne ga abu ɗaya: ko robar ta kama zaren da kyau, ko kuwa zaman doya da manja suke yi. Wurin da suke haɗuwa siriri ne ƙwarai, da nanomita ake auna shi, wato a raba milimita ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya. Makarantarmu ba ta da injin da ke wannan awo. Wani ɗakin bincike a Khartum yana da shi, na kuma samu gurbin karatu a can.

Ɗaurin da ke cikin akwatina daga noman Baba na ƙarshe yake. Da zai ba ni, sai ya nuna mini wani ɗan gora da ke rataye a ɗakinsa, cike da irin farar rama doguwa da ya gada.

"Yayanka yana son fadamar ya zuba shinkafa," in ji shi. "Na ba shi damina ɗaya. Irin nan kuwa ba ya wuce damina biyu a gora, mutuwa yake. Ka tambayar mini injin naku. In ya ce ramata tana da sauran amfani, in shuka. In ya ce babu, in zuba wa kaji in huta."

Da wannan saƙon na sauka Khartum, kuma shi ne ya hana ni sukuni har na bar ta.

Zangona na farko Alsawra ne, a arewacin Umdurman. Wani dillali da muka yi ta magana ta waya tun ina gida ya ce ya kama mini ɗaki a can, har hotonsa ya turo, da gado da fanka. Unguwar lamba-lamba ce, kowane yanki da lambarsa, ni kuwa baƙo, ko da ido makaho. Na hau raksha, wato keke mai ƙafa uku irin namu, muka yi ta yawo a rana har muka gano gidan. Mai gidan ya fito da jallabiya yana sakace, ya dubi hoton ya ce lallai ɗakinsa ne, ɗansa ke kwana a ciki, kuma bai taɓa jin sunan dillalin ba. Na kira lambar, a kashe. Nan na zauna a kan akwatina a bakin titi, na shiga tsine wa mutumin da Hausa, tun daga kansa har kakanninsa.

Sai na ji mai rakshar yana dariya a bayana.

"Kai, ya akhi, Bahaushe ne kai? Tun ɗazu kana wahal da ni da Larabcin littafi!"

Na waiga na dube shi da kyau. Baƙi ne siriri, zai yi shekara arba'in, sunansa Adam.

"Ma'alesh, an cinye ka," in ji shi. "Khalas, tashi. Mu tafi Umbadda, akwai oda ɗaya babu kowa ciki. Uwata in ta ji na bar ɗan gida a shari'i ba za ta ba ni abinci ba."

Oda ɗaki ne, shari'i titi, ma'alesh a yi haƙuri, khalas kuma shi ke nan. Haka Hausarsu take, a fara da tamu a ƙare da Larabci.

Umbadda ta zama zangona na biyu, kuma a nan na zauna har ƙarshe. Gidan na ƙasa ne, gajeren gini, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. A ƙarƙashinta muka tarar da mahaifiyar Adam a kan angarib, gadonsu na katako da ake saƙa wa igiya. Sunanta Hajja Asha'u, amma duk layin Habboba suke ce mata, wato kaka. Tsohuwa ce ƙarama, ta naɗe cikin farin mayafi, idonta ɗaya ya yi yana. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce daga ina cikin gida? Na ce Haɗeja.

"Haɗeja," ta maimaita a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmar. "To, madalla. Allah ya kawo mini miji daga gida. Adam, kai wa maigidan kayansa."

Daga ranar Maigidan take kirana, irin wasan kaka da jika. Mahaifinta da ƙafa ya baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a Jazira, ya tsaya aikin auduga don ya tara na ci gaba, bai ci gaba ba kuma bai koma ba. A can aka haife ta. Ta je Makka, amma ƙasar da take kira gida ba ta taɓa ganinta ba. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda rabona da ji tun rasuwar kakata.

Shekarar farko ta tafi a aji da haɗa alluna. Kullum da sassafe nakan hau hafla, ƙaramar bas, daga Umbadda mu ratsa Umdurman mu hau gadar Nilu zuwa Khartum. A kan gadar nan kewa ta fi kama ni. In na ga masu jirgin kamun kifi sai kogin garinmu ya faɗo mini, in ji kamar in sauka in bi ruwan. Na bar matata Sa'adatu da jaririya, kuma a fuskar waya na ga yarinyar ta fara rarrafe, a fuskar waya na ga ta miƙe ta yi taku uku ta faɗi. Ranar da aka miƙa mata wayar aka ce ga Abba, ta leƙa bayan wayar tana nemana, na kashe na zauna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Wake da mai da burodi, wanda suke kira ful, na ci shi har na fara mafarkinsa. Habboba ce ta lura ina ramewa. Ta aika aka nemo kuka a kasuwa, ta yi mini tuwon dawa, tana ba ni haƙuri wai daddawar nan ba ta kai ta gida ba, ita da ba ta taɓa ɗanɗana ta gidan ba. Ranar Juma'a kuwa, in muka tafi masallaci da Adam, sai ta share mini ɗaki ta turara shi da bakhur, turaren wutarsu na itace da ake dafawa da sukari da mayukan ƙamshi. In dawo in tarar da kayana duka suna ƙamshi, har matashin kai. A duk mako ba ni da sa'ar da na fi so kamar wannan.

A shekara ta biyu layi ya zo kaina a ɗakin injin. Mai kula da shi wani dogon mutum ne mai sanyin magana, Muhandis Attayyib, wato Injiniya Attayyib. Dokokinsa sun fi na masallaci yawa. A cire takalmi, kada a buga ƙofa, kada a jingina da tebur, in injin ya fara aiki ko tari sai a fita waje. Injin kansa bai fi ƙaramin firiji ba. A cikinsa akwai allura mai bakin daimon, tsininta ido ba ya gani. Takan sauko a hankali ta danna abin da ake aunawa, zurfin nanomita ɗari ko ɗari biyu, sannan ta janye. Kwamfuta tana rubuta ƙarfin da aka sa da zurfin da aka shiga, daga nan a san taurin wurin da yadda yake jure matsi. Mukan jera dannawar a layi, daga cikin roba, a tsallaka iyaka, a shiga jikin zaren. In robar ta kama zaren, taurin zai riƙa hawa a hankali kamar matakala. In ba ta kama ba, sai a ga rami a tsakani.

Tunda zurfin kaɗan ne haka, dole fuskar samfur ta yi santsi fiye da madubi. Ranar Alhamis nakan yanka allon ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar sukari, in goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, in ƙare da man goge na garin daimon, har yatsuna su daina ji. Ranar Lahadi, farkon makon aikinsu, ita ce ranar awona, sau biyu a wata. Attayyib ya nuna mini wani tulun gilashi mai murfi inda ɗalibai ke ajiye samfuransu. Na ce a'a. Na ji an ce na wani sun taɓa ɓata a ciki, ni kuwa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Tun daga kan dillalin Alsawra ban ƙara yarda da kowa ba. Sai in jera su a ɗan faranti in tafi da su Umbadda, in sa a akwatina kusa da ragowar zaren Baba, su yi Juma'a da Asabar a inda idona yake.

Awon farko ya fito, na duba na sake dubawa. In za a bi ta injin, zaren ramar Baba bai fi sabulu tauri ba, robar ma haka, iyakar kuwa ba a ma gane ta. Awo na biyu haka. Na uku haka. Na koma kasuwar Umdurman na yi wa mai sayar da ifoksi tas, na ce tsohon kaya ya sayar mini. Mutumin ya bar ni na gama, ya zuba mini shayi, ya nuna mini ranar da ke jikin gwangwanin. Na dawo na ce injin ne ya lalace. Attayyib bai yi musu ba, ya ɗauko ɗan gilashin da ake gwada gaskiyar injin da shi, ya auna a gabana, lamba ta fito daidai. A raina har shi na zarga, na ce ko don ni baƙo ne yake yi mini riƙon sakainar kashi. Allah ya yafe mini.

Duk ranar Lahadi da yamma Baba yakan sa a kira ni.

"Me injin ya ce?"

"Yana tunani, Baba."

"To. Ashe shi ma ya san haƙuri. An fara sharar gona dai."

Wata huɗu muna haka. Malamar da ke duba aikina, Duktura Samiya, mace ce mai adalci amma ba ta da wasa. Ta kira ni ofis ta ce wasu ɗaliban ma suna jiran injin. Ta ba ni Lahadi biyu. In ba a ga komai ba, mu rubuta cewa wannan ramar ba ta kama roba, in koma kan zaren gilashi da ake shigowa da shi daga waje, in gama karatuna in tafi gida. Na fito ina lissafin yadda zan buɗe baki in ce wa Baba ya zuba wa kaji. A lokacin hadari ya fara haɗuwa a garinmu.

Alhamis ɗin da ta biyo na goge samfur shida. Ana cikin haka aka ce za a rufe gada, kowa ya yi ta kansa. Na kwashi biyar na ruga, na manta ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ranar Lahadi muka auna biyu daga cikin nawa, sabulu dai, kamar kullum. Na dafe kai. Sai Attayyib ya buɗe tulun gilashin ya ce, "Ga marayan da ka bari, na ajiye maka. Mu gwada shi, ba abin da za mu rasa."

Muka sa shi, muka jira ya huce ya yi sanyin ɗakin, allura ta fara sauka. Lambobin da suka fito ban taɓa ganin irinsu ba. Robar ta nuna taurin roba, zaren ya ninka ta. Na miƙe tsaye, Attayyib ya yi mini nuni in zauna kada in girgiza masa tebur. Da aka gama ya ɗauki marayan da ɗan hantsaki ya kai hanci, ya ɗauki ɗaya daga cikin nawa ya kai hanci. Sai ya fashe da dariya, shi da ba ya yarda a yi tari a ɗakin.

"Ya Tasi'u, wannan samfur ne ko amarya? Wa yake yi musu bakhur?"

Na karɓa na sunsuna, ban ji komai ba. Hancina ya saba, rigata ma ƙamshin take. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Hayaƙin bakhur mai ne da sukari, in ya sauka kan fuskar da aka goge sai ya bar wani ɗan maiƙo da ido ba ya gani. Allurar tana taɓa maiƙon sai injin ya ɗauka ya iso jikin samfur, ya fara ƙirga zurfi tun bai isa ba. Wata huɗu turaren Habboba muke aunawa.

Ina ma a ce dariya na yi kamar Attayyib. Ban yi ba. Tun daga Khartum har Umbadda zuciyata tafasa take. Na tuna yatsuna, na tuna mai ifoksi da na ci wa mutunci, na tuna ƙaryar da nake yi wa Baba duk mako. A tasha na sayi kwaɗo. Na shiga gida ko zama ban yi ba, na tsaya a kanta tana tsintar wake.

"Habboba, wa yake buɗe mini akwati?"

"Ni ce, Maigidan."

"Kin san wata huɗu kika ɓata mini? Kin san saura kaɗan a kore aikina saboda hayaƙinki? Wa ya sa ki?"

Ta ɗago ta dube ni da idon nan nata mai gani. Ta ce, "Ma'alesh. Ban sani ba." Ta koma kan wakenta.

Na shiga ɗaki na datse akwatin da kwaɗo, na bar ƙofa a buɗe don ta ji ƙarar. Abin haushin, samfuran ma ba sa ciki, na riga na bar su a tulun Attayyib. Ragowar zare ne kawai a akwatin. Kwaɗon ba ya tsare komai, fushi ne kawai na rataya mata a ƙofar ɗakin da ta ba ni kyauta.

Juma'ar nan na dawo daga masallaci na tarar an share ɗaki tsaf, amma babu ƙamshi, sai warin ƙasa da zafi. Da ta miƙo mini abinci ta ce, "Ga shi, Ustaz." Adam kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mako biyu aka yi haka. Na sha kewar gida a Sudan, amma ban taɓa jin ni baƙo ba ne kamar a waɗannan kwanakin.

Lahadin ƙarshe muka auna sababbin samfur biyar da na goge, waɗanda ba su taɓa tsallaka gada ba. Duka biyar bakinsu ɗaya. Taurin yana hawa daga roba zuwa zare a hankali, babu rami a tsakani. Robar ta kama ramar Baba kam. Duktura Samiya ta duba takardun ta ce mabruk, wato barka, ta ce wa ya jiƙa wannan zaren, don ya san aikinsa. Ban jira yamma ba, a bakin titi na kira gida.

"Baba, injin ya yi magana. Ya ce ka shuka."

Ya ce alhamdu lillahi sau uku. An yi ruwan farko shekaranjiya, in ji shi, ƙasa da sauran laima. Sai ya ce me ya sa injin ya daɗe haka yana tunani? Na kwashe labarin na gaya masa, ina jiran ya taya ni jin haushi.

"Ita tsohuwar ta ce maka me ya sa take buɗewa?"

"Ban tambaye ta ba."

"Kai da ka tafi wata ƙasa tambayar inji, ka kasa tambayar mutum? Tsohuwa ba ta buɗe akwatin baƙo a banza. Koma ka tambaya."

Na same ta a ƙarƙashin darbejiya. Na durƙusa kamar ranar farko, na ajiye kwaɗon da makullinsa a gabanta, na ce ta yafe mini. Ta ce babu komai, Ustaz. Na ce akwai komai, kuma ba zan tashi ba sai ta gaya mini abin da take nema a akwatin. Ta daɗe tana shafa igiyar robar da aka saƙa wa angarib ɗinta, shuɗiya da ja.

"Ubana da ya taho daga gida, da irin rama ya taho a ƙulle a gefen riga," in ji ta. "A Jazira yana shuka ta a bakin tur'a, inda ruwan gona ke bi. In an gama auduga sai ya jiƙa, ya tufka, ya saƙa wa mutane angarib. Hannunsa kullum warin nan yake. In zai tafi Juma'a ni nake turara masa riga, yana cewa wallahi ba zai fita ba, warin gida ne. Da ya mutu aka bar irin a gwangwani, muka taho Umdurman, ko da aka tuna ya mutu shi ma."

Ta gyara mayafi.

"Makon da ka zo, ina share maka oda sai na ji shi. Na zauna a ƙasa. Shekara nawa rabona da shi, ban ma sani ba. Duk Juma'a sai in buɗe in gaishe shi. To ba a gaida babba hannu rabbana, shi ya sa nake shiga da wuta. Waɗannan 'yan ƙananan masu ƙyalli kuwa, na ga yadda kake lallaɓa su, na ce abin daraja ne. Su nake fi daɗewa a kansu."

Na tashi na ɗauko ragowar zaren duka na ɗora mata a cinya. Ta sa fuskarta a ciki ta daɗe. Sannan ta zari sili kaɗan, ta tofa yawu a tafin hannu, ta ɗora a ƙwaurinta ta murza. Yatsun sun tsufa amma ba su manta ba, nan da nan igiya ta fara fitowa, siririya mai kyau.

"Maigidan," in ji ta, ba ta ɗago ba, "wanda ya jiƙa wannan bai yi gaggawa ba."

Na kira Baba na ba ta wayar. Ni da Adam muka zauna muna sauraronsu, tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba, suna gardama kan kwana nawa ya kamata rama ta yi a ruwa, da ko ruwan kwance ya fi mai gudu. Ita ta ce Malam, shi ya ce Hajiya. Can na ji muryar Baba ta canza.

"Hajiya, shekara hamsin ina tufka, ba wanda ya taɓa yi wa ramata turare. Injinsu wata huɗu yana tunani, ke kuwa tun ranar farko kika ba da amsa. In Allah ya kai mu kaka, irinki yana nan, zan aiko miki."

Juma'ar da ta biyo ɗakina ya koma ƙamshi. Bayan wata uku na gama na dawo gida, 'yata tana ɓuya a bayan uwarta tana leƙena. Baba ya shuka rabin fadamar, ramar ta yi tsawo har ta fi shi. Da kaka ya ware iri mai kyau ya cika wani sabon ɗan gora, ya rataye kusa da nasa. Na yi ta neman mai tafiya Sudan, wannan ya fasa, wancan ya ce kayansa sun yi yawa. Na ce ba komai, ni zan kai da kaina in na koma karɓar takardata. Kafin in koma yaƙi ya ɓarke.

Sau biyu na samu Adam a waya a farkon abin. A na biyun ya ce za su fita daga Umbadda, bai san inda za su nufa ba, Habboba ba ta iya doguwar tafiya. Na ce me ta ɗauka? Ya ce mayafinta da igiyar nan da ta tufka. Daga ranar lambar ba ta ƙara shiga ba. Na tambayi duk wanda ya dawo daga can, na tura saƙo duk inda aka ce 'yan Umbadda sun sauka. Wani ya ce kamar ya gan su, wani ya ce ba su ba ne.

Ina kewarta fiye da yadda na yi kewar gida ina can, kuma har yau in na tuna ƙarar kwaɗon nan sai in ji kunya ta rufe ni. Ɗalibaina yanzu suna haɗa alluna da ramar Baba. Abu na farko da nake koya musu shi ne kada su kai samfur gida, abu na biyu kuma, in sun ga abin da ba su gane ba, su tambayi mutum kafin su sayi kwaɗo.

Iri ba ya wuce damina biyu a gora, don haka Baba ba ya barin na Habboba ya tsufa. Kowace kaka sai ya juye tsohon cikin nasa, ya cika goranta da sabo. Bana ma haka ya yi. Ya toshe bakin da tsumma, ya miƙo mini, ya ce in sake gwada lambar Adam. Na gwada a gabansa har sau biyu, ba ta shiga ba. Ya karɓi goran daga hannuna, ya miƙe a hankali, ya mayar da shi inda yake rataye.